An ƙi takardar ɗaukar nauyina a Ostireliya: in ɗaukaka ƙara ko in janye?

Assalamu alaikum Malam. Ina fatan kana lafiya. Ni bakanike ne na manyan motoci masu injin dizal, ɗan Zariya, shekarata 33, ina zaune a Perth da ke Yammacin Ostireliya. Karatun sana'a ne ya kawo ni. Da na gama na samu bizar waɗanda suka kammala karatu, mai lamba 485, na kama aiki a wani ƙaramin gareji da ke gyaran motocin dakon kaya. Mu shida ne a wurin. Da bizar ta kusa ƙarewa maigidana ya yarda zai ɗauki nauyina a biza mai lamba 482. Aka shigar da takardunsa da nawa, 485 ta ƙare, yanzu ina kan bizar jira ta A.

Mako biyu da suka wuce ya kira ni ofis ya ce Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta ƙi gabatarwar da ya yi mini. Bai nuna mini wasiƙar ba, ce mini kawai ya yi ba su gamsu da takardu ba. Bayan 'yan kwanaki ni ma aka turo mini tawa wasiƙar, wai in yi bayani cikin kwana 28 ko in janye neman bizata. Maigidan ya ce yana son in ci gaba da aiki da shi, amma kuɗin da ya kashe sun ishe shi; in zan biya kuɗin ɗaukaka ƙara da na lauya, shi zai sa hannu. Wani abokina kuma ya ce in daina wahalar da kaina, in nemi mafaka kawai in samu wasu shekaru. Matata da 'ya'yana biyu suna Zariya, mahaifiyata ba ta da lafiya, kuma rabona da gida tun zuwana. Gona aka sayar aka yi mini kuɗin makaranta. Ban faɗa wa kowa a gida ba. In ɗaukaka ƙarar da kaina? In biya masa? Ko in janye? Barci ya ƙaurace mini.

Ɗan'uwanka a Perth

*

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya, kai kuma ya buɗa maka. Saboda kwanakinka ƙidayayyu ne, ba zan yi doguwar gaisuwa ba.

Tambayarka ta farko amsarta a'a ce. Ba za ka iya ɗaukaka wannan ƙara da kanka ba, ko da kana da kuɗin, domin a idon doka ba kai aka ƙi ba tukuna. A tsarin 482 takardu uku ne ke tafiya a jere, kowace da mai ita. Ta farko kamfani ne ke neman a amince masa ya riƙa ɗaukar nauyin baƙin ma'aikata, izinin da ke yin shekara biyar. Ta biyu ita ce gabatarwa, wadda ake kira nomineshan da Turanci: kamfani ya ce ga gurbin aiki, ga albashin da zan biya, ga mutumin da nake so ya cike gurbin. Ta uku ce kaɗai taka, wato neman biza. Abin da Ma'aikatar ta ƙi shi ne ta tsakiya, kuma wanda ya shigar da ita shi kaɗai ke da ikon kai kuka. Matsayinka a yau kamar na mai haya ne a gidan da ake shari'a a kan filinsa: in aka faɗi shi zai kwana a waje, amma alƙali ba zai saurare shi ba sai mai gida. Saboda haka aikinka na wannan makon ya fi karkata ga ofishin maigidanka fiye da kotu.

Wurin da ake kai kukan sunansa a taƙaice ART, kotun da ke sake duba hukuncin ma'aikatun gwamnatin tarayya. Ita ta maye gurbin tsohuwar AAT a ranar 14 ga Oktoban 2024, don haka in ka ci karo da bayanai a intanet masu ambaton AAT da wa'adin kwana 21, tsofaffi ne. Wa'adin yanzu ga wanda ba ya tsare kwana 28 ne daga ranar da aka sanar da hukuncin, kuma in ta imel aka turo, ranar da aka turo ita ce ranar sanarwa, ko an buɗe saƙon ko ba a buɗe ba. Kotun ba ta da ikon ƙara ko yini guda a kan wannan wa'adi. Rashin lafiya, tafiya, ejan ya manta, babu wanda take karɓa. Ka ce mako biyu ke nan da ya kira ka ofis, amma ba mu san kwana nawa wasiƙar ta yi a akwatinsa kafin ya kira ka ba. Agogon maigidanka daban, agogon kwana 28 na taka wasiƙar daban, kuma nasa ne zai riga ƙarewa.

Akwai tarko a nan wanda ya kama mutane da yawa, kuma shi ne dalilin da ya sa na fara da maigida. Kana iya zaton in an ƙi bizarka daga baya sai kai ma ka kai taka ƙarar. Dokar shige da fice ta ƙasar ta sa sharaɗi: a lokacin da aka yanke hukuncin ƙin bizarka, dole ya kasance ko dai akwai gabatarwa da aka amince da ita mai ɗauke da sunanka, ko kuma ƙarar maigida a kan gabatarwar tana gaban kotu. In babu ko ɗaya a ranar, ƙofar ART ta rufe a gabanka. Ma'ana, in maigidanka ya yi ta jan ƙafa har wa'adinsa ya wuce, sannan jami'i ya zauna ya ƙi bizarka, ba ka da inda za ka kai kuka a sake duba gaskiyar lamarin. Sai dai ka ƙirga kwana 35 da bizar jira take ƙara yi bayan hukunci, ka haɗa kaya.

Ƙin biza kuma yana jawo wani abu da ake kira sashe na 48. Duk wanda ke cikin Ostireliya ba shi da cikakkiyar biza, kamar kai da ke kan bizar jira, aka kuma ƙi masa biza, to an hana shi neman yawancin bizoji daga cikin ƙasar, har da sabuwar 482. Hanin yana hawa kansa tun ranar da aka ƙi, ko da ƙararsa na gaban kotu. Wasiƙar da aka turo maka ta kwana 28, wadda ta hana ka barci, ita ce ɗan sararin da ya rage maka kafin wannan hani ya hau kanka, kuma abubuwa da yawa da za ka iya yi yau ba za su yiwu ba bayan an yanke.

To, gobe da safe ka nemi ganin wasiƙar ƙin da idonka. "Ba su gamsu da takardu ba" ba dalili ba ne da za a gina shawara a kansa. Jami'in da ya yanke hukunci yana rubuta ainihin sharaɗin da ya ce ba a cika ba, kuma darajar ɗaukaka ƙara gaba ɗaya ta rataya ne a kan wane sharaɗi ne. Ka roƙe shi cikin ladabi, ka ce lauyan da za ka gani ne yake buƙata. Mutumin da ke son ka zauna da gaske ba zai ɓoye maka shafi huɗu ko biyar ba. In ya ƙi nunawa, wannan ma wani labari ne da ya kamata ka karanta.

Ga ƙaramin gareji irin naku, dalilin da aka fi gani shi ne jami'i ya ce bai gamsu gurbin aikin na gaske ne ba, ko bai ga alamar kamfanin zai iya biyan albashin ba. In wannan ne, to akwai fata mai kyau, domin ART ba ta tsaya ga duba ko jami'in ya yi kuskure ba. Tana ɗaukar maganar ne daga tushe, ta karɓi sababbin hujjoji, ta yanke bisa halin da kamfanin ke ciki a ranar da take yanke hukunci. Abin da ake kai mata ba dogon turanci ba ne. Takardun harajin da kamfani ke miƙawa duk wata uku, lissafin riba da asara na bana daga akanta, jerin ma'aikata da aikin kowa, katunan aikin da kai kanka ka yi a kan motoci, kwantiragin kamfanonin dakon kaya da ke kawo muku gyara, sa'o'in ƙarin aiki da ake biyan sauran kanikawa, takardar ajiye aikin wanda ka gada in akwai. Ƙananan kamfanoni da yawa aikin na nan birjik, rubuce-rubucen ne ba su iya ba. Sun tura lissafin shekara biyu baya da wasiƙa mai layi goma, jami'in da bai taɓa ganin garejin ba ya ƙi. Irin wannan ana gyara shi.

Haka ma maganar albashi, yawanci. Sharaɗi biyu ne a nan. Akwai mafi ƙarancin albashi da gwamnati ta yanka: ya tsaya a dalar Ostireliya 53,900 a shekara tun 2013 har aka ɗaga shi zuwa 70,000 a Yulin 2023, ya koma 73,150 a 2024, sannan 76,515 daga 1 ga Yulin 2025, kuma duk farkon Yuli ake sake duba shi. Kuɗin fansho na dole da kamfani ke zuba maka ba ya shiga wannan lissafi, kuma nan wasu ke faɗawa: a rubuta maka dunƙulallen albashi har da fansho, in an cire kashi 12 ɗin sai a ga ya faɗo ƙasa da layi. Sharaɗi na biyu shi ne kada a biya ka ƙasa da abin da ɗan ƙasa mai irin aikinka ke samu a wannan yanki. In akwai ɗan ƙasa bakaniken dizal a garejinku, takardar albashinsa ita ce hujja. In babu, sai a kawo dokar albashi ta masana'antar gyaran motoci da tallace-tallacen aiki na wasu garejojin Perth. Ka ɗauko kwantiraginka a daren nan ka duba yadda aka rubuta adadin.

Wanda ke da wuyar magani shi ne tallar gurbin aiki. Kafin a gabatar da baƙo, dole kamfani ya nuna ya nemi ɗan ƙasa bai samu ba: talla biyu a wuraren da aka amince da su, na aƙalla mako huɗu, cikin wata huɗu kafin shigar da gabatarwa, da sunan aikin da ƙwarewar da ake nema, da albashi in bai kai dala 96,400 ba. Wannan abu ne da ake yi kafin a shigar, kuma hujjarsa tare da gabatarwar take tafiya. In tallar mako uku ta yi, ko an manta albashi, babu takardar da za a kawo bana ta mayar da ita mako huɗu a bara. In ka buɗe wasiƙar ka ga wannan ne dalili, kada ka bari kowa ya sayar maka da fatan cin nasara a kotu. Maganinsa sabuwar talla da sabuwar gabatarwa.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Zan roƙi maigida abu biyu a zama ɗaya. Ya shigar da ƙara a ART kafin wa'adinsa ya cika, sannan a ranar ya sake buga tallar aikin. Dalilin haɗa su shi ne lissafin kwanaki. Sabuwar gabatarwa tana buƙatar sabuwar talla, domin tsohuwar da wuya ba ta wuce wata huɗu ba, kuma tallar sai ta cika mako huɗu. Bizar 482 ɗaure take da gabatarwar da aka shigar da ita tare, ba a ɗaura tsohuwar biza a kan sabuwar gabatarwa, saboda haka kai ma sabon neman biza za ka yi. Mako huɗun tallar za su haura wa'adin wasiƙarka. Ba lallai jami'i ya yanke a rana ta 29 ba, kuma kana iya rubuta masa ka nemi ya jinkirta, amma doka ba ta tilasta masa jira ba. In ya riga ku, ƙarar maigida da ke gaban kotu ita za ta ba ka damar shigar da taka cikin naka kwana 28, bizar jiranka ta ci gaba, ka ci gaba da aiki. In kun riga shi, kun shigar da sabuwa mai tsabta kafin sashe na 48 ya same ka. Kada ka bar wasiƙarka ba amsa; ka mayar da ita cikin wa'adi, ka haɗa da shaidar cewa an kai ƙara.

Ka sani sabon neman da aka shigar bayan cikakkiyar biza ta ƙare bizar jira ta C yake haifarwa, wadda ba ta kai A ba. Ba a fita da ita a dawo, kuma izinin aiki a cikinta sau da yawa sai an nema daban. Wace takarda za a janye, yaushe, ko a bar duka biyun su yi tafiya, wannan lissafi ne da za a yi da ƙwararre yana kallon takardunka. Abin da nake gargaɗinka a kai shi ne janyewa cikin firgici. Janyewa tana kare ka daga sashe na 48, gaskiya ne, amma daga ranar da ka janye bizar jiranka kwana 35 ta rage mata. Ba a janyewa sai an san inda za a sa ƙafa.

Ban ɓoye maka cewa hanyar kotu tana da nata ciwon. Shari'un gabatarwa sukan haura shekara kafin a saurare su. Duk tsawon wannan lokaci rayuwarka na hannun mutum ɗaya. In garejin ya rufe, ko aka sayar da shi, ko kuka saɓa ya janye ƙarar, taka ƙarar ta faɗi tare da tasa, domin ba a ba da 482 babu gabatarwa mai rai. In ART ta tabbatar da ƙin, abin da ya rage shi ne kotun tarayya cikin kwana 35, ita kuwa kuskuren doka kawai take dubawa, ba ta sake auna ko garejinku na buƙatar bakanike. Shi ya sa nake kallon ƙarar a matsayin kariya, sabuwar gabatarwa kuma a matsayin hanyar da aka fi sa rai.

Sai maganar kuɗi, wadda na san ita ta fi damun maigidanka. Ina fahimtarsa. Ya riga ya biya harajin horar da 'yan ƙasa, dala 1,200 a kan kowace shekarar biza ga kamfanin da cinikinsa bai kai miliyan goma ba, wato 4,800 in shekara huɗu ya nema, kuma ƙin gabatarwa ba ya sa a mayar masa. Sabuwar gabatarwa sabon haraji ce. Kuɗin ART ya haura dala 3,500, ko da yake ana mayar da rabi in an yi nasara. Ga ƙaramin gareji ba ƙaramin abu ba ne. Duk da haka kada ka biya. Doka ta hana mai ɗaukar nauyi ɗora wa ma'aikaci kuɗin ɗaukar nauyi da na gabatarwa, har da harajin da kuɗin ejan na ɓangarensa. Kuma tun Disambar 2015 laifi ne a nemi ko a karɓi wani amfani a madadin ɗaukar nauyi, laifi ne kuma a bayar. Mai bayarwa ma ana cin tararsa, ana iya soke masa biza. Ko a hannu ka ba shi, ko a riƙa cira daga albashinka, ko ka yi aikin Asabar kyauta, duk sunansu ɗaya. Ka tuna kotun da za ku je takardun banki da na albashi za ta duba. Abin da ya halatta ka biya shi ne naka: kuɗin neman bizarka, gwajin lafiya, lauyanka, da taka ƙarar in an kai ga haka.

Ba na zaton mugunta ce ta sa ya faɗi haka. Yawancin masu ƙananan sana'a ba su san wannan dokar ba. Kada ka shiga ofishinsa da barazana. Ka ce masa ka tambaya, an gaya maka in ka biya ku duka biyun za ku shiga matsala, har izininsa na ɗaukar nauyi yana iya salwanta. Sannan ka bar shi ya yi nasa lissafin: nawa zai kashe ya nemo wani bakaniken dizal a jihar da kamfanonin haƙar ma'adinai na Pilbara da Kalgoorlie ke kwashe kanikawa da albashin da gareji ba zai iya ba, kuma motoci nawa za su kwana a harabarsa kafin ya samu. Kai ma kana da daraja a wannan ciniki, kada tsoro ya mantar da kai.

In duk da haka ya ce ba zai yi ba, ka gode masa, ka ci gaba da zuwa aiki, ka fara neman wani a ranar. Bizar jira ta A da ta biyo bayan 485 ba ta ɗaure ka da kamfani ɗaya ba. Babban kamfanin da ya saba ɗaukar nauyi, mai tallar da ke tafiya a yanzu, yana iya shigar da gabatarwa da sauri fiye da yadda kake zato. Tun 7 ga Disambar 2024 da aka sauya fasalin 482, gogewar aiki ta shekara ɗaya ake nema maimakon biyu, kuma kana da ita.

Shawarar abokinka ta neman mafaka, ka ajiye ta. Bizar kariya ta wanda ke tsoron zalunci na gaske ne in ya koma ƙasarsa. Kai da bakinka ka ce kewar gida kake yi. Za ka rubuta labarin da ba haka yake ba, ka rantse a kansa, kuma duk abin da ka rubuta yana nan a fayil ɗinka har abada. Bayanin ƙarya a neman biza yana jawo hanin shekara uku a bizoji da yawa, kuma ya ɓata duk wata takarda da za ka shigar wa matarka da yara nan gaba. Ga shi kuma mai da'awar tsoron Najeriya ba ya zuwa Zariya duba uwa. Shekarun da abokinka ke maganar samu shekaru ne na zaman jiran ƙi. Ban da nauyin rantsuwar ƙarya, wanda kai ma ka san hukuncinsa.

Komawa makaranta ma ba mafita ba ce a halinka. Tun 1 ga Yulin 2024 aka hana masu 485 neman bizar karatu daga cikin ƙasar, kai kuwa ko 485 ɗin ma ta ƙare.

Akwai ƙofofin da sashe na 48 bai rufe ba, kuma ya kamata ka fara ƙwanƙwasa su ko da komai ya tafi daidai. Tun Nuwamban 2021 wanda hanin ya hau kansa yana iya neman biza mai lamba 190, ko 491, ko 494 daga cikin ƙasar. Biyun farko jiha ce ke gabatar da kai, ba maigida ba, bisa maki: mafi ƙaranci 65, shekarunka 33 suna ba ka 25, gabatarwar jiha ta ƙara 5 a 190 ko 15 a 491, sauran daga Turanci da karatu da gogewa. Sai kana da takardar tantance ƙwarewa daga hukumar TRA, saboda haka in ba ka kammala shirinta na waɗanda suka yi karatun sana'a a ƙasar ba, ka mayar da hankali ka kammala. In makin Turancinka na tsaka-tsaki ne, sake jarrabawar na iya zama kuɗi mafi amfani da za ka kashe bana. Ita 494 ta kamfanonin yankunan da ba manyan birane ba ce, kuma tun Nuwamban 2019 Perth tana cikin wannan lissafi. Tana neman gogewar shekara uku, abin da ba ka kai ba tukuna, amma aikin da kake yi kana jiran kotu yana ƙara maka. Hanin sashe na 48 kuma na wanda ke cikin ƙasar ne. Wanda ya fita da ƙafarsa cikin wa'adi yana iya shigar da sabuwar 482 daga waje in ya samu mai ɗaukar nauyi. Abin da ba a yi shi ne bari biza ta ƙare a zauna babu takarda, domin wannan kan jawo hanin dawowa na shekara uku.

Game da Hajiya: da bizar A in ka fita ba ka da izinin dawowa. Sai ka nemi bizar jira ta B, an ba ka, sannan ka sayi tikiti, ka kuma dawo cikin kwanakin da aka rubuta. Rashin lafiyar uwa dalili ne mai ƙarfi, ka nemi takardar likita daga gida tun yanzu ka ajiye. Amma in jikin nata ba na gaggawa ba ne, ka daure waɗannan makonni har a shigar da abin da za a shigar. In kuwa na gaggawa ne, ka gaya wa lauya a zaman farko, domin hakan na iya sauya wace hanya za a bi, tunda C ba ta fita. Ka kuma gaya wa matarka. Ba sai gari ya ji ba, amma ita ke riƙe da yara da lissafin abin da kake turowa, kuma in watanni masu zuwa za su yi tsauri gara ta ji daga bakinka yau. Maganar gonar da aka sayar na san tana ci maka rai. Kada ka bari ita ta zaɓa maka hanya, domin kunyar komawa ce ke tura mutane ga biyan maigida a ɓoye da labarin mafaka.

Wanda za ka gani ya zama lauya mai lasisin aiki a Ostireliya ko ejan shige da fice mai rajista da hukumar OMARA. Rajistar a buɗe take a intanet, ka duba sunansa da lambarsa kafin ka biya ko sisi. Ejan da ya shirya takardun farko na maigidanka ne, kuma in kuskuren daga hannunsa ya fito ba shi ne zai fara faɗa maka ba. Ka biya zaman sa'a ɗaya da wani daban. Ka tafi da wasiƙar ƙin gabatarwa, da taka wasiƙar, da takardar bizar jiranka, da kwantiragi, da hoton tallace-tallacen da aka yi da ranakunsu. Tambayar farko da za ka yi masa ita ce ranar da wa'adin maigidanka zai cika, ya rubuta maka ita a takarda ka kai ofis.